Tayar Gwanjo a Hanyar Guri

"Cire yatsanka daga jikin tayar nan, Baduku," in ji Ja'afaru Direba. "Ba fata ba ce, balle ka ce jima kake dubawa."

Ban cire ba. Na ƙara cusa babban yatsana cikin zanen tayar, na shafa gefensa, sannan na kai hanci. Ƙauri na ji, irin na robar da wuta ta lasa, a ƙarƙashin warin baƙin man takalmi.

Tayoyi huɗu ne jingine a katangar gidansa, a unguwarmu ta Majema. Tukur Ɗan Gwanjo ne ya kawo su a kan jaki da hantsi, yana tsaye a gefe yana tauna goro. Uku baƙi ƙirin suna sheƙi, zanensu da zurfi kamar yau aka sauke su daga jirgi. Ta huɗun kuwa furfura ta yi, ga wani faci a gefenta, zanen ya ci rabi.

Ni sunana Shu'ibu. Katanga ɗaya ce tsakanina da Ja'afaru, shekara goma sha ɗaya. Dukanci na gada, amma tun da motoci suka yawaita bayan yaƙi na koma yanka tsofaffin tayoyi ina yin takalma, manoma da masunta na saye don ƙaya ba ta huda su. Ban taɓa tuƙa mota ba, amma na yanka taya ta fi ɗari. Na san cikinta yadda mahauci ya san cikin sa.

Shi kuwa Ja'afaru shekara ashirin ya yi yana tuƙa motar En'e. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Haɗejia da tashar jirgi ta Malam Madori. Mutum ne mai zargi tun asali. Kowace yamma sai ya ɗaura zare a murfin tankin mai, da safe ya duba ko an taɓa. Bai taɓa yarda wani ya hau motarsa da sunan taimako ba. Amma ba mugu ba ne. Ranar da mai ɗakina ta faɗi da ciwon ciki, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti, da na zo godiya ya ce in tafi, ina tare masa iska.

Wannan abin ya faru ne a daminar da ta rage shekara uku Turawa su tafi. 'Yarsa Sakinatu, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa, tana aure a Guri. Sau biyu tana haihuwa a can, sau biyu ana binne abin da ta haifa. Yanzu ga ciki na uku ya tsufa, Ja'afaru ya rantse wannan karon a Haɗejia za ta haihu, kusa da ungozomar asibiti. To ga kogi yana cika. Masunta sun ce kwana uku ko huɗu ruwa zai shafe hanyar Guri, daga nan sai kwalekwale har kaka. Tayoyinsa na baya kuma sun suɗe har zare ya fito. Sabuwar taya sai an aika kantin Turawa a Kano, jirgi ya kawo, mako biyu in an yi sa'a, ga tsada. Shi ya sa ya aika wa Tukur.

"Yaya Ja'afaru," na ce, "zanen nan ba na kamfani ba ne. Da wuƙa mai zafi aka yi shi."

Tukur ya tofar da goro. "Ikon Allah. Yau kuma mai takalmi ne zai koya wa direban En'e taya."

"Shekaranjiya na ga ukun nan a zaurenka," na ce. "Sumul suke kamar tafin hannu. Ga wannan tabon a gefe, na gane shi."

"Waɗanda ka gani wasu mutanen Kafin Hausa sun kwashe. Waɗannan jiya suka iso daga gwanjon soja." Ya juya wajen Ja'afaru, ya sassauta murya. "Direba, ya gaya maka abin da ya kai shi zaurena? Ciniki ya je. Ya ce in ba shi su a kuɗin yanka. Na ce ba na yanka ba ne. Yanzu in ka ƙi su, wa kake gani zai zo gobe ya ce tun da an ƙi, a ba shi a wulaƙance?"

Ja'afaru ya dube ni da ƙananan idanunsa. "Ka yi ciniki?"

"Na yi. Amma lokacin..."

"Ka yi ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya daɗe yana jiran wannan amsar. Ya durƙusa gaban tayoyin, ya ƙwanƙwasa kowace da sufana, ya kasa kunne. Ya leƙa cikinsu, ya shafa, ya tura ɗaya ta gangara ya ga ko tana rawa. Tukur ma bai tsira ba, sai da ya sa shi ya rantse sau biyu cewa daga soja suke.

"To, gwani," Ja'afaru ya ce da ni, bai ɗago ba, "in kai ne wacce za ka ɗauka?"

Na nuna mai furfurar. "Wannan mummuna ce, amma ba ta ɓoye komai ba. Namanta na nan. Ka haɗa ta da wadda ta fi dama cikin tsofaffinka, ka tafi a hankali."

"Wato in ɗauki mai faci, in bar maka masu kyau."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Koma rumfarka, Baduku. Masu takalmi na jira."

Biyu ya zaɓa cikin masu sheƙin. Na koma rumfata da ke bakin ƙofar gidana, raina a ɓace. Ina zaune na ga Tukur ya ɗora sauran biyun a jaki ya kama hanya. Har ya kai kan kwana Ja'afaru ya bi shi da sauri, suka tsaya suna magana. Can sai na ga an sauke mai furfurar. Ja'afaru ya gangaro da ita ta bayan gida, ta hanyar da yake zaton ba zan gani ba. Ya yini yana saka tayoyin shi kaɗai, gumi na zuba, bai dubi rumfata ba ko sau ɗaya.

Washegari da sassafe ya tafi.

Sai bayan la'asar motar ta shigo unguwa, taɓo har gilashi. Abin da na fara dubawa ƙafafun baya ne. A hagu mai furfurar ce. Mai sheƙin tana kwance a bayan mota, ta dare kamar an tsaga kabewa. Sakinatu na gaba, da wata dattijuwa, Yakaka, yayar mijinta, wadda ta rako ta. Barira, matar Ja'afaru, ta fito da gudu ta rungume 'yarta suka shige.

Ja'afaru ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko, sai da ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

"Sannu da hanya, Yaya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ka ga abin da kake son gani?"

"Ni ban so ganin komai ba."

Ya wuce ni yana jan numfashi guntu-guntu. Ranar bai ɗaura zare a murfin tanki ba.

Daga bakin Yakaka mai ɗakina ta ji yadda aka yi. Sun baro Guri lafiya. A wata fadama, inda ruwa ya riga ya fara lasar gefen hanya, tayar ta fashe da ƙara kamar bindiga. Motar ta yi gefe ta tsaya. Ja'afaru ya kafa jak, jak ya nutse cikin laka. Ya samo kututturen goruba ya shimfiɗa, ya sake kafawa, ya cire tayar. Da ya ga jak ya karkace sai ya kwanta ya shiga ƙarƙashi ya gyara. Kututturen ya sulluɓe. Motar ta sauko masa a ƙirji.

Yakaka ta yi ta kururuwa har wasu masunta da ke kafa gurar kamun kifi a kusa suka sheƙo, su shida, suka ɗaga motar aka jawo shi. Ta ce ya zauna a taɓo, ya tofar da yawu, ya tashi. Masuntan suka riƙe motar ya saka mai furfurar. Wani ya miƙa hannu zai taya shi ɗaure noti, ya ƙi ba shi sufanar. Da kansa ya ɗaure duka, da kansa ya tuƙo su har gida, yana ce wa Sakinatu ta daina kuka, ba a yi komai ba.

Kwana ɗaya da zuwansu Sakinatu ta haihu a asibiti, mace, da ranta, tana tsala kuka. Guɗar Barira har rumfata. Amma Ja'afaru bai fito karɓar barka ba. Aka ce gajiya ce. Aka kira mai ɗori, ya shafa ya ce haƙarƙari uku sun karye, amma abin da ke ciki ya fi ƙarfinsa, a kai shi asibiti. Ja'afaru ya ce ba mai kai shi inda za a sa masa wuƙa yana barci.

A nan magana ta fara yawo. Da fari cewa aka yi bakina ne, na yi wa tafiyar kambun baka a gaban mutane. Wannan ban damu ba. Sai ta biyun ta zo. Mutane sun leƙa bayan motar sun ga tayar, sun ga lallai yankan wuƙa ne. Aka tambayi Tukur a kasuwa, ya buɗe hannuwa ya ce, "Ni haka na saye su. In kuwa a garin nan aka yi musu aiki, to ku tambaya, duk Haɗejia wa ke da wuƙar yanka taya?"

Wani manomi da ya ba ni awon ƙafarsa ya zo ya wuce rumfata bai ko yi sallama ba. A masallaci, wanda ke tsayawa kusa da ni kullum ya koma sahun baya. Mai ɗakina ta dama kunu ta aika gidan Ja'afaru, aka dawo da ƙwaryar a rufe yadda ta tafi. Da yamma na ji Barira ta bayan katanga tana cewa, ba da ƙarfi ba amma yadda zan ji, "Wanda ya san inda rami yake tun kafin a faɗa, a tambaye shi wa ya haƙa."

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Ina da wata ƙaramar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, wadda nake fitar da gurbin maɗauri da ita. Kwana shida ke nan ban gan ta ba. Na zazzage buhunan rumfa, na tone ƙasar wurin zamana. Ina tunani sai na tuna ranar da na je zauren Tukur, da yammarta ya zo rumfata ya zauna, wai yana son takalmi, ya yi ta juya kayan aikina yana hira, ya tashi bai sayi komai ba. Ban ga ya ɗauka ba. Ba zan iya rantsewa ba. In kuma na faɗa, na ba masu magana abin da suke nema ke nan.

Rana ta uku da dawowarsu, bayan azahar, Yakaka ta leƙo rumfata. "Malam Shu'ibu, maigidan na kira. Ya ce ka zo da wuƙarka."

Na same shi a zaure, a kan tabarma, an jingina shi da buhun gero don ba ya iya kwanciya. Cikin kwana uku fuskarsa ta zabge. Kusa da shi akwai kwano da aka rufe da faifai, gefen faifan ya yi ja. Ina jin motsin Barira a bayan asabarin ƙofar cikin gida.

"Sannu, Yaya. Yaya jiki?"

"Jiki ga shi. Ɗauko tayar nan."

Na ɗauko ta daga bayan mota na shigo da ita.

"Yanka. Nan, inda ba ta fashe ba. A gabana."

Na dafa ta da gwiwa na yanka, na ciro yanki kamar faɗin hannu, na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya juya wajen hasken ƙofa. Ba sai an yi bayani ba. Ƙasan kowane zane ya kai ga zare, a wasu wuraren ma wuƙar ta yanke zaren. Abin da ya rage tsakanin hanya da iska bai fi kaurin farce ba.

Ya daɗe yana bin zanen da yatsa.

"Yaya," na ce, "akwai maganar da zan faɗa maka. Wuƙata ƙarama ta ɓata, yau kwana shida. Ban san wanda ya ɗauka ba. Mai yiwuwa da ita aka yi wannan."

Motsin bayan asabari ya tsaya cik.

"Me ya sa ba ka faɗa ba ran nan?"

"Ban lura ba sai daga baya."

"Haka ka ce."

"Haka ne."

Ya yi tari, ya ɗaga faifan ya tofa, ya mayar. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce, "Miƙo min takalmina."

Suna bakin ƙofa. Ni na yi masa su bara. Ya kifa ɗaya a cinyarsa, ya ajiye yankin tayar kusa da shi, yana duban wannan yana duban wancan.

"Barira," ya kira. "Kina ji?"

"Ina ji, Malam."

"Wuƙa ko tasa ce ko ba tasa ba, ban sani ba. Amma hannun ba nasa ba ne. Dubi nan, yana tafiya yana rawa, nan zurfi nan sama-sama. Mai wannan yankan tsoron wuta yake ji. Baduku kuwa mugun gwani ne, in da shi ya yi, da sai ta kai ni Kano ta dawo ban gane ba. A daina mayar musu da kunu."

Na ji Barira ta ja hanci, ta yi ciki.

Na ce, "Na gode, Yaya."

"Kada ka gode. Tambaya zan yi maka, tsakaninka da Allah. Ran nan, da na ƙi su, da ka je ka saye su?"

Na dubi yankin tayar. Sannan na ce, "Da na saya. Gefensu na da kyau, za su yi takalmi."

"To ka gani." Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, ya riƙe ƙirji har hawaye suka fito. "Ka gani. Ni ma ban yi ƙarya ba."

Na ce ya bari in nemo masu ɗauka mu kai shi asibiti, ko yanzu. Ya girgiza kai. Ya ce a kawo masa jaririyar. Yakaka ta kawo ta a naɗe cikin zane, tun da an sallamo su da safe. Bai iya karɓarta ba, sai aka kwantar da ita kusa da gwiwarsa. Ya buɗe ɗan hannunta yana ƙirga yatsun, ya koma ɗayan, sannan ya sa aka buɗe ƙafafun ya ƙirga su ma.

"Sun cika," ya ce.

Ina nan zaune har aka kira la'asar. Na ce zan je in yi salla in dawo. Ya ce in na fita in duba masa gilashin mota ko a rufe yake, hadari na haɗuwa. Na duba, a rufe yake. Kafin in sallame raka'a ta huɗu na ji kukan Barira.

Aka yi jana'iza kafin magariba, ana yayyafi. Tukur ya zo. Har da shi a masu ɗaukar makara, yana ta salati da ƙarfi. Ni ina bayansa, sai idona ya faɗa kan hannunsa na hagu da ya riƙe makarar. Babban yatsan a ɗaure yake da tsumma. A maƙabarta, ana zuba ƙasa, na matsa kusa da shi.

"Me ya sami yatsan, Tukur?"

"Ƙaya ce," ya ce, bai dube ni ba. "Allah ya jiƙan Direba."

"Amin."

Bai zo sadakar uku ba. Aka ce an gan shi a Malam Madori yana shiga jirgin Nguru, wasu suka ce ai dama duk damina can yake tafiya. Wuƙata ban sake ganinta ba. A unguwa wasu sun dawo suna gaishe ni, wasu har yau in na ba su takalmi sai sun juya shi sun duba ƙasansa. Ranar suna Barira ta aiko mana da tuwo, kwano ɗaya, ba saƙo.

Ruwa ya shafe hanyar Guri kamar yadda masunta suka faɗa. Motar ta zauna a ƙofar gida, ciyawa ta tsiro ta kewaye ƙafafunta. Wajen kwana ashirin da rasuwar wani mutum ya zo daga Malam Madori yana son saye. Da yake Barira na takaba, ni aka kira in tsaya a zaure in isar da magana. Mutumin ya zagaya motar, ya leƙa bayanta, sai ya ja da baya. Wata kaza ce ta yi sheƙa a kusurwa, cikin tsohon buhu, ta kwanta a kan ƙwai tana hararar sa.

Na shiga na gaya wa Barira ta bayan asabari cewa mai saye na jira, in ta yarda yau zai ja ta.

Can ta ce, "Ka ce masa ya dawo in kazar ta ƙyanƙyashe."

Na fita na gaya masa. Ya tafi yana girgiza kai. Jim kaɗan Yakaka ta fito da ɗan kasko na ruwa da tsabar gero a hannu, ta ajiye a bayan motar, ta koma ciki.